Sisin da Ya Shigo Hannunka

Gaisuwa ta musamman ga mutanen gabashin Sakkwato, mutanen Sabon Birni da Isa, da na Gatawa da Unguwar Lalle da Tsamaye, da na Turba da Bafarawa. Ina gaida 'yan'uwanmu da halin rayuwa ya tsallakar da su Gidan Runji da Tsibiri da Maraɗi, da samarinmu da ke ci-rani a Legas da Ibadan da Abuja da Fatakwal. Allah Ya sada mu da alheri.

Yau maganata da matasa ce, ƙannena maza da mata, waɗanda kuɗin guminsu ya fara shiga hannunsu. Ɗan kabu-kabu, mai cajin waya, mai shayi, yaron shago, mai noman rani, budurwa mai awara, amarya mai ɗinki ko ƙuli-ƙuli, da wanda ya fara karɓar albashi ko alawus ɗin bautar ƙasa. Maganar ita ce yadda mutum zai riƙe ɗan abin da ya samu, ya juya shi, har ya zama wani abu.

Na san abin da wani zai ce tun ban yi nisa ba. Zai ce, "Malam, wane kuɗi? Wanda bai san inda abincin dare zai fito ba ake koya wa tattali?" Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, inda ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ke cikinsa, kuma Jihar Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin 100. Matashin Isa ko Sabon Birni ba shi ya jawo wannan ba. Amma ku saurare ni da kyau. Mai hali in ya ɓarnatar da naira dubu goma, kafin gobe ya manta. Kai in ka ɓarnatar da dubu goma, jarinka ne ya tafi. Saboda haka wanda samunsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi kowa bukatar lissafi.

Iyayenmu da kakanninmu ba su zauna ajin koyon sarrafa kuɗi ba, amma suna da tsarinsu, kuma tsari ne mai ƙarfi. Maigida ya san dami nawa zai kai gidansa wata kaka. Akwai rumbun da ake ci, akwai wanda ba a buɗewa sai damina ta kankama, lokacin da ake aikin gona kuma hatsi ya yi tsada. Akuya da tunkiya na nan don bukatar gaggawa, sa da raƙumi don babbar hidima. Mata na da adashinsu da kayan ɗakinsu. In damina ta wuce, ga fadamun Rima da Bunsuru da Gagare, ana shinkafa da albasa da kayan miya. Yaro yana tashi yana kallon duk wannan. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce yau darasi za mu yi, amma kafin ya yi aure ya san abin da ake taɓawa da abin da ba a taɓawa.

Wannan makarantar ce rashin tsaro ya rushe. An kore garke. An ƙone rumbu. Gona a wurare da yawa ba ta shiguwa sai an biya 'yan bindiga haraji. Gidaje sun sayar da abin da suka tara shekara da shekaru don biyan kuɗin fansa. Tun daga 2019 dubun dubatar mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka tare a garin Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato. A watan Agustan 2024, rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, ta nuna mana cewa ko rawani bai tsira ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan duk waɗanda muka rasa.

To matashin da ya tashi cikin wannan hali bai ga rumbun uba ba, bai ga garken kaka ba. Samunsa ba dami ba ne, tsabar kuɗi ce ta yini, ko alat a waya. Kuɗin waya kuwa ba shi da nauyi a hannu, ba a ganin raguwarsa, sai dai mutum ya duba ya tarar babu. Tsohon tsari ya karye, sabon kuma ba a koya wa kowa ba. Wannan giɓin nake so mu cike.

Mu fara da tuna abin da ya same mu a 'yan shekarun nan, don kowane ɗaya darasi ne.

A watan Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda dukiyarsa duka ke cikin waya ya wayi gari da kuɗi amma ba shi da na cefane. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. Wanda ya tara tsofaffin takardu a gida ya rasa mai karɓa, wanda nasa ke banki ya rasa tsaba, masu POS na yankar kaso mai tsoka kafin su ba ka haƙƙinka, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba, a canjin sefa muka gani, inda jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, fataucin Maraɗi ya tsaya cik na watanni.

Hukumar Ƙididdiga ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Bari in fassara wannan da harshen kasuwa. Wanda ya ƙulle naira 100,000 a akwati shekara guda, in ya fito da ita, abin da za ta saya masa bai wuce abin da naira 74,000 ke saya a bara ba. Ba wanda ya buɗe akwatin, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Me duk wannan ke gaya mana? Kowace ma'ajiya na da inda take yoyo. Dabba ana iya kore ta. Hatsi ana iya ƙone shi. Tsabar kuɗi tsada na cinye ta. Waya sabis na iya ɗaukewa. Mai hankali ba ya tara komai nasa wuri guda. Zan dawo kan wannan, amma akwai abin da ya riga shi.

Abu na farko, ƙanena, shi ne ka san lissafinka. Tambayi matasa goma nawa suka samu a watan jiya, nawa suka kashe, da wuya biyu su ba ka amsa. Za su ce, "Ana dai samu, ana dai ci." Wannan ba amsa ba ce. Sayi ɗan littafi, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka. Ka rubuta da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In ba ka rubutu, ka sa ƙanenka ɗan makaranta ya rubuta maka. Abin da ya shigo gefe guda, abin da ya fita gefe guda, har da naira 100 ta rake da 200 ta data. Ka yi haka wata guda cur ba tare da ka canza komai ba. Ranar da ka haɗa jimilla, kai da kanka za ka ga inda kuɗinka ke zurarewa.

Bari mu buga misali da ɗan kabu-kabu. A ce ya tashi da naira 8,000 a yini. Shi a ransa dubu takwas ya samu. Amma fetur ya ci 3,000, balas ɗin mai babur 2,000. Saura 3,000. A cikin wannan ma akwai haƙƙin babur, domin taya za ta ƙare, baƙin mai zai so canji, sarƙa za ta tsinke. In bai ware 500 kullum don gyara ba, ranar da babur ya tsaya sai bashi. Ashe samunsa na gaskiya 2,500 ne. Wanda ya san 2,500 yake samu, da wanda ke jin 8,000 yake samu, ba za su zauna teburin mai shayi iri ɗaya ba, ba za su yi alkawari iri ɗaya ba.

Abu na biyu, raba jari da riba. Nan ne mafi yawan ƙananan sana'o'inmu ke mutuwa. Yaro ya samu jarin 50,000 ya kasa kaya. Ciniki na tafiya, aljihu na cike, sai ya riƙa zura hannu. Yau katin waya, gobe gudunmawar aboki, jibi sabon takalmi. Bayan wata uku teburin ya yi fayau, ya ce kasuwa ce ba ta yi, ko an yi masa baki. Ba baki ba ne, uwar kuɗi ya ci. Kowane ɗan Gobir ya san manomi ba ya cin iri. Komai tsananin bazara, irin shuka na rataye, yara na kallonsa, ba mai taɓawa, don wanda ya ci iri ya ci damina mai zuwa. Jarinka shi ne irinka. Ka ba shi aljihunsa dabam. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kullum ko duk mako, kamar kai ma yaron shagon ne, kada ka wuce shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu na uku, ajiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce, "In na kashe, abin da ya rage zan ajiye." Ba abin da zai rage. Ajiya ita ake fara cirewa, tun kuɗin bai ɗumama a aljihu ba. Kada ka raina kaɗan. Naira 500 kullum, a wata 15,000 ce, a shekara ta haura 180,000. Wannan kuɗin keken ɗinki ne, ko tumakin turka, ko kafin alƙalamin babur naka na kanka. In 500 ta yi yawa, fara da 200. Abin da ake nema shi ne hannu ya saba.

Ina za a ajiye? Shawarata a kasa uku. Kashi na farko ɗan tsabar kuɗi ne a kusa, wanda zai riƙe ka kwanaki in sabis ya ɗauke, ko ya zama kuɗin mota in dare ya yi dare aka ce a tashi. Duk wanda ya taɓa gudu da iyali ya san darajar wannan. Kashi na biyu a asusun da ke da sunanka, wanda ko gari ya tashi yana nan, ko kana Maraɗi ko Sakkwato za ka same shi. Kashi na uku a abin da ke tashi tare da farashi, wato kayan sana'a, ko buhun hatsi, ko dabba, amma a inda hankali ya kwanta, ko da wajen amintaccen ɗan'uwa ne a cikin gari.

Game da asusu, akwai abubuwan kiyayewa. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba su hulɗa da kowace irin ma'ajiyar kuɗi. Da yawa cikinmu asusun wani muke ara. Ɗan ci-rani ya turo kuɗi ta asusun mai POS, ko na abokin yayansa. Wannan hanya ta raba zumunci da yawa. Ka yi lambar NIN da BVN, ka buɗe naka. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019. Wanda banki ya yi wa nisa, akwai irin su OPay da Moniepoint da ake buɗewa ta waya. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbatar yana da lasisin Babban Banki. Amfanin lasisi shi ne akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. A watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, kuma wannan hukumar ce ta shiga biyan masu ajiya.

Lambar sirrinka kuwa taka ce kai kaɗai. Kada ka karanta wa mai POS ita a bainar jama'a, ka karɓi na'urar ka danna da hannunka. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka faɗo lambar da aka turo maka, ɓarawo ne, kashe wayar. Layin da ka yi rajistar asusu da shi kada ka ba da aronsa, in ya ɓace ka rufe shi a ranar.

Adashi fa? Adashi gadonmu ne, kuma yana da amfanin da banki ba shi da shi, wato kunya. Mutum na iya karya alkawarin da ya yi wa kansa, amma yana jin nauyin uwar adashi. Sai dai zamanin gudun hijira ya canza shi, don wanda kuke zubi tare yau, gobe yana iya kasancewa wata ƙasa. Ku shiga da waɗanda kuka san asalinsu, ku rubuta sunaye da ranar kwasar kowa, zagayen kada ya yi tsawo. Kuma tun kafin kwasarka ta zo ka san abin da za ka yi da ita. Kwasar da ba ta da aiki tun kafin ta iso, a kasuwar waya take ƙarewa.

Ga manomanmu matasa, lokacin kaka shi ne lokacin jarrabawa. Kowa ya fito da amfaninsa lokaci guda, farashi ya faɗi, kai ma ka kwashe naka duka ka kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Watanni kaɗan ka dawo kana awon abin da ka sayar da tsada. Ka fara ware na ci da na shuka, ka sayar da abin da bukata ta tilasta, sauran ka saki sannu a hankali. Amma kada ka ci bashi don ka tara hatsi kana jiran tsada. A 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka yi haka da yawa sun ji a jikinsu.

Ɗan ci-rani kuma, kai da ka kwana a tasha da kangon gini, ka tura baro, ka yi ga-ruwa, ka yi gadi, kada guminka na wata shida ya ƙare a sati biyu na dawowa. Tun kana can ka riƙa turawa asusunka, kada ka ɗauko tsaba a hanyar da ka san halinta. Ka dawo da abin da zai haifi wani abu.

Sai maganar bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma bashi iri biyu ne. Akwai wanda ke biyan kansa, kamar na taki ko na kayan sana'a. Akwai wanda kai za ka biya da jininka, kamar na anko da na sabuwar waya. Kafin ka karɓa, tambayi kanka daga ina biyan zai fito. In ba ka da amsa, bar shi. In kuwa an ƙulla, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, tsare zumunci ne. Kuma ka biya a kan lokaci. A kasuwanninmu, yaron da aka san yana cika alkawari ana ba shi kaya ba ko sisi, ya sayar ya kawo. Wannan amana jari ce da ba mai iya sace ta.

Ku yi nesa da manhajojin bashi na waya da ke ba ka kuɗi cikin minti biyar. Ruwansu na da yawa, wa'adinsu gajere, kuma wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara farautarsu a 2022.

Yanzu ga tarkon da ya fi cin matasa, wato kuɗin banza. A watan Disambar 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin 'yan Najeriya masu ɗimbin yawa. An ce an yi hankali. A watan Afrilun 2025 sai ga CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ita ma ta yi ɓatan dabo. Salon ɗaya ne kullum. Ana biyan na farko da kuɗin na baya, na farkon ya zama mai talla, ya jawo ƙaninsa da abokinsa, ranar da sababbin shiga suka ragu sai a rufe. Ka riƙe wannan ma'auni. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi ba tare da ka ga abin da ake saye da sayarwa ba, kuma ya ce ka kawo wasu, kuɗinka yake so. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Cacar ƙwallo ma haka take, ko da an canza mata suna. Addininmu ya haramta ta, lissafi ma ya haramta ta. Kamfanin da ke biyan ma'aikata da haya da talla, daga aljihun wa yake biya? Naira 200 kullum a caca, a shekara 73,000 ce, ta fi mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda aka mayar 70,000 a 2024. Haka kuɗin ƙwaya, wanda ke cin aljihu ya haɗa da hankali.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da mutanen wasu wurare, wato rufin asiri. A yankinmu nuna samu ba ɓarnar kuɗi kaɗai ba ce, kiran haɗari ne. Kowa ya san akwai masu kai rahoto daji. Hoton damin kuɗi a TikTok, ko labarin cinikin da ka yi a majalisa, ba ka san kunnen da zai faɗa ba. Samunka tsakaninka da Allah da wanda ya zama dole ya sani.

Na san nauyin gida na kanku. Da yawa cikinku ku ne uba ku ne uwa, ga marayu, ga tsofaffi, ga waɗanda aka raba da gonakinsu. Ba zan taɓa ce muku ku rufe hannu ga iyaye ba, albarkar nema a nan take. Abin da nake cewa shi ne taimako ma a yi masa tsari. Ka yanke abin da za ka riƙa bayarwa duk mako ko duk wata, gida su san shi, su dogara da shi. Ya fi yau ka ba da duka, gobe ka zo hannu rabbana. In bukata ta taso wadda za ta ci jari, ka zauna da mahaifi ko mahaifiya cikin ladabi ka ce, "Baba, in na taɓa wannan, wata mai zuwa ba abin da zan kawo." Iyaye sun san iri, za su gane.

Ku kuma ƙannena mata, sadakinki haƙƙinki ne, ribar sana'arki taki ce, shari'a ta ba ki. Ki buɗe asusu da sunanki. Taimakon miji alheri ne, amma ki bar jarin sana'a da ransa, don a wannan zamani mata nawa ne suka wayi gari su kaɗai ke riƙe da gida? Wajen biki kuma, samari da 'yan mata, a yi daidai ruwa daidai tsaki. Auren da aka shiga da bashin lefe da na kayan ɗaki, amarci bai ƙarewa sai masu bin bashi sun fara sallama.

Ban ɗora duka nauyin a kan matasa ba. Iyaye, ku riƙa buɗe wa 'ya'yanku lissafin gida, su san kuɗin buhu da na magani. Malamanmu, babin ciniki da bashi da amana na nan cikin littattafan fiƙihu da ake karantarwa a zaurukanmu, a fito da shi a huɗuba da harshen da ɗan kabu-kabu zai gane. Iyayen gida a kasuwa, ku koya wa yaranku lissafi, ba aike kaɗai ba, kuma in lokaci ya yi ku sallame su da jari. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hannu da shuni, in za a ba matashi jari a haɗa masa da horo da bibiya. Bankuna su matso kusa da mutanen gabas. Gwamnati kuwa, babban bashin da ke kanta shi ne tsaro. Duk tattalin da matashi zai yi, in hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo da ta Isa zuwa Shinkafi ba su biyuwa cikin kwanciyar hankali, gumin nasa na cikin haɗari. Wannan haƙƙi ne, kuma ba za mu daina nemansa ba.

Amma kafin wannan rana ta zo, kada mu zauna jira. Gobirawa sun taɓa rasa Alƙalawa a 1808, suka watse, suka kafa Tsibiri, daga baya suka kafa Sabon Birni. Jikokin waɗanda suka yi wannan ba za a ce ba su iya farawa daga kaɗan ba.

Ga aikin da nake roƙon kowane matashi mai saurarena ya yi a wannan mako. Daga gobe da safe ka fara rubuta shiga da fita. Ka ƙirga jarinka, ka raba shi da kuɗin kashewa. Ka yanke abin da za ka riƙa cirewa kullum, ko naira 200 ce, ka cire ta kafin ka karya kumallo. In akwai bashi a kanka, ka je ka sami mai shi, ku sa rana. Abu huɗu ke nan, ba wanda ke bukatar izinin kowa, ba wanda ke bukatar sai ka yi arziki tukuna.

Allah Ya sa albarka a nemanku, Ya tsare ku a hanya da gona da kasuwa, Ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya da Nijar baki ɗaya.